Mai Ihu Yana da Sauran Numfashi

Mtambani, Pemba
3 ga Sha'aban

Zuwa ga Kawu Faki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka sojojin ruwa. Mu nan da sauƙi. Ƙirjina ya daina zafi sai in na yi tari, likita ya ce ruwan gishirin ya gama fita. Kaka ƙafarta ce dai kamar kullum. Akuyarta ta haifi biyu, ɗaya bai zo da rai ba.

Kaka ce ta sa ni rubutu, tunda ni na gama firamare. Ban taɓa rubuta wa babba wasiƙa ba, in na yi kuskure ka yi haƙuri. Makame mai kai kifi Tanga zai kawo maka. Ba mu kira ka ta wayar kanti ba, don kunnuwa sun fi kaya yawa a wurin.

Ga maganar Kaka yadda ta faɗa:

"Faki, yau kwana takwas da kifewar jirgin 'yan biki. An binne Baba Shaame amma gari bai huce ba. Mutum huɗu sun shaida yana riƙe da jarka yana kiran sunanka har sau uku, ka bi ta gabansa kamar ba ka taɓa ganinsa ba, ka je ka ɗauko 'yar yayarka. Mutumin da ya koya maka iyo a bakin tekun nan! Mai gari ya ce ka zo ranar sadakar arba'in, ka durƙusa gaban matar mamacin, Bi Mtumwa, ka amsa cewa jininka ka zaɓa, sannan ka ajiye kakin nan. In ka yi, magana ta mutu. In ka ƙi, ni dai na tsufa, kuma ba ni zan ɗauki gawata zuwa kabari ba."

Nan Kaka ta ce in rufe. Amma akwai sauran takarda.

Kawu, ni ce 'yar yayar taka da suke faɗa. In na je rijiya sai hira ta tsaya. Ban tuna komai ba sai farkawata a cikin jirginku, wani soja yana danna min ƙirji, kai kuma ka riga ka koma ruwa. Ina so in ji daga bakinka. Da gaske ka ji yana kiran ka?

Taka,
Miza

*

Tanga
8 ga Sha'aban

'Yata Miza,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, sai kunnen hagu da yake ɗan zubar da ruwa tun ranar, ba wani abu ba ne. Na ji daɗin labarin ƙirjinki. Ashe kina da magana haka? Shekara goma sha huɗu ban ji kin haɗa jimla biyu a gabana ba.

Kin tambaye ni, zan faɗa miki. Na ji shi. Ba sau uku ba ne ma, sau biyar ne.

Mu arba'in da biyu muka fara koyon wannan aiki na ceto a ruwa, bakwai muka gama. An sa mu iyo da bulo a hannu. An ɗaure mana ido an jefa mu daga jirgi yana gudu. Malaminmu yakan shaƙe mu ta baya a ƙarƙashin ruwa, ya ga ko za mu ƙwace. Duk wannan jiki ne, jiki kuma yana sabawa. Abin da ya kori mutane da yawa doka ce guda: mai ihu yana da sauran numfashi. Wanda ruwa yake ci da gaske ba ya iya kiran kowa. Bakinsa yana hawa yana sauka, ko fuskarsa ta kife, kuma abin da ya rage masa bai kai tsawon raka'a biyu ba. Shi ake fara ɗauka. Mai kiran ka, ko uwarka ce, wucewa za ka yi.

Baba Shaame yana da jarka, yana da murya. Na ce masa, "Baba, riƙe da kyau, ina dawowa." Ya ce, "Ɗan banza, ni za ka ce wa kana dawowa?" Wallahi daɗi na ji, don mai zagi bai kusa tafiya ba. A bayansa akwai baƙin mayafi yana yawo, fuska a ƙasa. Ban san ke ce ba sai da muka juya ki a cikin jirgi. Da na san ke ce, Miza, ban san abin da zan yi ba.

Na koma, na tarar da wasu biyu da suka yi shiru a hanya, na kai su. Da na isa wurinsa jarka ce kaɗai. Ni na nutsa na ɗauko shi da la'asar.

Ki faɗa wa Kaka zan zo, zan yi yadda mai gari ya ce. Na riga na miƙa wa ogana takardar barin aiki. Ya sa ta a aljihun tebur, ya ce ba zai sa hannu ba sai na dawo daga arba'in.

Kawunki,
Faki

*

Mtambani
11 ga Sha'aban

Kawu,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Na karanta wa Kaka wasiƙarka, ta yi hamdala, ta dafa shinkafa da kwakwa. Ni ban ci ba.

Ka ce da ka san ni ce, ba ka san abin da za ka yi ba. Na karanta wurin nan har takardar ta fara yagewa. Wato da ka gane ni, da ka bar ni don kada gari ya yi magana? Ka faɗa min kai tsaye, ba zan yi kuka ba.

Jiya da ruwa ya janye mun je gonar ciyawar teku. Matan da suke dasa kusa da mu duk sun cire turakunsu sun matsa can gaba, igiyoyin Kaka su kaɗai a fili kamar na mai kuturta. Muna dawowa da kaya a ka muka haɗu da Pandu, babban ɗan Baba Shaame, yana gyaran taru da abokansa. Ya ce, "Ku ba da hanya, ga 'yar gata! Ga wadda ta fi ubana tsada." Ɗaya ya ce, "Ai ka yi sake, Pandu, da ka samo kawu soja." Suka yi dariya, shi bai yi ba. Kaka ta ce, "Sannunku da aiki, 'ya'yana," kamar ba ta ji ba. Ni bakina ya ƙi buɗewa, yadda ya saba. Amma hannuna ba ya jin kunya, shi ya sa zan rubuta maka abin da na kasa faɗa musu.

Mai gari ya ce ka amsa cewa jininka ka zaɓa. Kai kuma ka ce ba ka san ni ce ba. To za ka durƙusa a wurin sadakar mamaci ka yi ƙarya ke nan? Malamar islamiyyarmu ta ce ƙarya ba ta zama ladabi don an yi ta a durƙushe.

Kuma in ka ajiye kaki saboda ka ɗauke ni, ka nuna musu ɗaukata kuskure ne. Kullum zan riƙa bi ta bakin teku ana cewa ga kuskuren Faki. Ni ba kuskure ba ce, Kawu. Ban roƙe ka ka ɗauke ni ba, ko kira ban iya yi ba. Amma tunda ka ɗauke ni, kada ka nemi gafarar kowa a kaina.

Ka karɓo takardarka daga aljihun teburin nan.

Miza

*

Mtambani
20 ga Sha'aban

Kawu,

Ina gaisuwa, ina fata kunnen ya warke. Kwana tara ke nan ba amsa. Iska ta taso, Makame bai dawo ba, an ce jiragen kifi duk suna ɗaure a Tanga. Ban sani ba ko iskar ce ko fushi ka yi. In fushi ne ka yi ta yi, ban janye ko kalma ɗaya ba. Zan ba wani malamin makaranta wannan, zai hau babban jirgi daga Mkoani.

Na ce maka ban tuna komai ba. Yanzu wani abu ya dawo min. Da jirgin ya kife na ga Baba Shaame, bai fi tsawon tabarma biyu tsakaninmu ba. Na so in ce "Baba," amma duk lokacin da bakina ya fito sama, numfashi kawai yake nema, kafin in yi magana ya koma. Ba na fantsama ruwa, ba na ɗaga hannu. Wata mata da ke riƙe da katako ta kalle ni ido cikin ido ta kau da kai, ina jin ta ɗauka iyo nake yi. Tana cikin mutum huɗun da suka ba da shaida a kanka. Ba na jin haushinta. Ita ma mai ihu ta gani, kamar kowa.

Abin da na gane shi ne, duk garin nan masunta ne, kakanninsu ma masunta, amma sun ɗauka wanda ya fi ƙara shi ya fi kusa da mutuwa. Ni ma haka na ɗauka kafin ranar. Ni da ba a jin muryata ko a kan tudu, in da kowa irinsu ne, wa zai neme ni a ruwa?

Kaka ta faɗi wasu maganganu ta ce in rubuta. Ta ce ka zo da farar jallabiya, ka taho wa Bi Mtumwa da sukari da ganyen shayi.

Miza

*

Tanga
23 ga Sha'aban

Miza,

Wasiƙunki biyu sun zo min rana ɗaya, iska ce ta tsare Makame a hanya da ta farkon. Kunne ya warke. Ba fushi na yi ba, ko da yake kin ci a yi miki.

Ke yarinyar nan, wa ya ce zan bar ki? Nufina shi ne, ana hana mu kallon fuska. Da na gane ki, da na tsaya kiran sunanki maimakon in juya ki in ja. Rashin sanin nan shi ya taimake ki. Ki daina yaga takarda.

Tunda na miƙa takardata an cire ni daga masu shiga ruwa, an zaunar da ni gaban rediyo, ni ke karɓar kiran jiragen da suka shiga uku. Shekaranjiya iskar nan ta kifar da wani kwale-kwalen masunta uku. Wanda aka tura a gurbina sabon shiga ne, Mcha sunansa, ƙarfi kamar sa. Ya san dokar, ya haddace ta. Amma da ya faɗa ruwa ya ji mutum yana "Ku cece ni, ina da 'ya'ya!", sai ya nufe shi. Mutumin ya rungume masa wuya suka nutse tare, da ƙyar aka jawo su da igiya. Kafin a juyo, wanda ya yi shiru ya tafi. Duk ina ji ta rediyo, ina buga tebur kamar mahaukaci. Mcha yana kwance, ya ƙi cin abinci. Ban ga laifinsa ba. Sai mutum ya ji an kira shi sannan zai san ko zai iya wucewa.

Kada ki ɗauka wannan ya canza wani abu. Uwa uwa ce. Ba zan bar ta tana dasa ciyawa ita kaɗai ba, ba zan bari a rasa masu ɗaukar makararta ba. Kuma muryar Baba Shaame ba ta barin kunnuwana, na dama da na hagu. Wataƙila in na durƙusa ta yi shiru.

Na ƙirga, arba'in biyar ga azumi ne. Zan iso huɗu ga wata. Ke kuma ki bar maganar manya ga manya.

Faki

*

Mtambani
28 ga Sha'aban

Kawu Faki,

Ina gaisuwa. Jikinmu lafiya. Kaka ba ta yi min magana tun jiya, don haka wannan tawa ce ni kaɗai.

An yi sadakar arba'in jiya. An matso da ita saboda azumi. Kaka ta ce in rubuta maka haka a wasiƙata ta ashirin ga wata, ni kuma na rubuta sukari da ganyen shayi na bar ranar. Da gangan na yi. Na san laifi ne, zan nemi gafarar Allah da taka, amma ba yau ba.

An shimfiɗa wa maza tabarmi a ƙarƙashin mangwaron gidan Baba Shaame, mata muna bayan zanen da aka rataya. Kaka tun safe take kallon hanyar bakin ruwa. Da aka shafa fatiha mai gari ya ce, "Ina Faki?" Shiru. Pandu ya ce, "Ina kuwa zai zo? Ai sai an yi shiru yake zuwa, mu kuma mun cika kira." Aka yi ta guna-guni. Kaka ta juyo ta kalle ni, nan take ta gane.

Kawu, ban san yadda ƙafafuna suka ɗauke ni ba. Na ɗaga zanen na taka har tsakiyar tabarmin maza. Wani ya ce, "Ke! 'Yar wa ce wannan?" Wani ya ce, "Ita ce ai."

Na durƙusa gaban mai gari na ce, "Ranka ya daɗe, bai zo ba don ni ban faɗa masa ranar ba." Ya sa hannu a kunne ya ce, "Me ta ce?" Sai da na maimaita sau uku, na ukun har mata sun ji.

Na faɗa musu dokar. Na faɗa musu yadda bakina yake hawa yana sauka. Pandu ya miƙe ya ce, "Dokar bariki! Mu a nan babba ake fara ɗauka. Ubana ne ya koya masa iyo, ke me kika koya masa?"

Na ce, "Ban koya masa komai ba, Yaya Pandu. To ga ni. In ni ya kamata a bari, ka faɗa. Ka kalle ni ka faɗa, kowa ya ji, sai in rubuta masa ya zo ya durƙusa."

Ya buɗe baki, ya kalli mai gari, ya kalli ƙasa. Na juya wurin liman na ce, "Ko Malam zai faɗa?" Liman ya ce, "Subhanallahi, yarinya, rai ai na Allah ne." Na ce, "To me Kawu zai ce ya yi?" Na ƙi tashi. Mai gari ya ce wannan rashin kunya ne, a zo a ɗauke ni.

Sai Bi Mtumwa ta yi magana daga bayan zane. Ta ce, "Ku bar ta." Ba ta fito ba, muryarta kawai muke ji. Ta ce, "Miza, ki rubuta masa wannan, kuma kada ki bar komai a wannan karon. Mijina ya kira shi, ya wuce. Ban yafe ba. Kada ya tako min gida, kada ya gaishe ni a hanya, sukarinsa ya riƙe. Durƙusonsa ba zai dawo min da Shaame ba." Na ɗauka ta gama. Sai ta ce, "Amma 'ya'yana uku suna fita tekun nan kullum. Pandu mai bakin nan zai yi ihu, na sani. Ƙaramin, Haji, ko ciwo yake ba ya faɗa. Ranar da nasu ya kife, ina so wanda zai shiga ya zama mai zuciyar dutse irin Faki. Kada ya cire kakin. Ya zauna can ya yi ta jin abin da yake ji."

Pandu ya ce, "Haba Mama!" Ta ce, "Rufe min baki, a raba abinci."

Ba a ce an yafe ba, ba a ce ba a yafe ba. Mai gari ya ce tunda mai haƙƙi ba ta son ganinka, to kada ka zo bana, ko da sallah. Yau da safe mata biyu sun dawo da turakunsu kusa da na Kaka, sauran suna can. Kaka ta yi kuka, ta ce na raba ta da ɗanta a watan azumi. Gaskiya ta faɗa. Na ɗebo mata ruwa, na shafa mata man kanumfari a ƙafa, ta bar ni na shafa amma ba ta kalle ni ba.

Yanzu ba wanda zai karɓi durƙusonka, Kawu. In ka bar aikin, kai ka bari da kanka, ba gari ba.

Miza

*

Tanga
3 ga Ramadan

Miza,

Barka da shan ruwa. Lafiyata ƙalau. Na riga na sayi sukarin da jallabiyar kafin wasiƙarki ta iso.

Abin da kika yi ba daidai ba ne. Kin ɓoye wa babba magana, kin taka tabarmar maza, kin hana ni ganin uwata da sallah. Kwana biyu ina rubuta miki faɗa ina yagawa. Ki ɗauka na yi.

Jiya na je wurin oga na ce ya ba ni takardata. Ya ce, "Wace takarda?" Ya buɗe aljihun tebur, ashe ya daɗe da naɗe gyaɗa da ita. Ya tambaye ni wa ya juya min kai, na ce wata ce a gida, ba ka san ta ba, ba ta magana.

Kada ki ɗauka na samu sauƙi. Har yanzu ina jin Baba Shaame, kuma na san in aka sake kirana da suna a ruwa zan wuce, in ƙara wata muryar a kan tasa. Bi Mtumwa ta san hukuncin da ta yanke min. Na karɓa.

Na aiko da sukarin, ki ba Kaka, kada ki ce daga ni ne sai ta sha. Ki riƙa karanta mata wasiƙuna ko ta juya baya.

An haɗa ni da Mcha. Gobe bayan sahur za mu fita, ni a gaba, shi yana riƙe da igiyata.

Kawunki,
Faki